Wat 5 da muryar da ke nutsewa cikin shuuu: fashin baƙi kan matse sauti a ƙaramin radiyo

Wata ranar Asabar da la'asar sakaliya cikin hunturu ina zaune bisa tabarma a tsakar gida nan Yamai, ƙaramin radiyona FT-817 na kan ɗan tabur, wayar anten na miƙe daga iccen dogonyaro zuwa kan katanga, sai na ji wani Bature daga Italiya shina kira bisa mita 20 na gajeren zango, muryarshi tar kamar daga ɗakin maƙwabta take fitowa. Na danna mikro na amsa. Ya ce ya ji 5U amma sauran bai ji ba, in sake. Na sake. Ya ce in ƙara sakewa, na matso da mikro har shina taɓa leɓena na ɗaga murya, har yara sunka fito daga ɗaki suna kallona. Daga ƙarshe ya ba ni haƙuri ya wuce ga wani. To ku sani 5U ita ce alamar Nijar, da ita alamar kiran kowanenmu ke farawa a harkar radiyo-amater, wato hira da juna ta radiyo don sha'awa, kuma da yake mu ƴan kaɗan ne masu kira daga nan, ƴan Turai nemanta suke ido rufe, wato mutumin nan ba ƙin ji ya yi ba, so yake ya ji, muryata ce ba ta kai mishi da ma'ana ba. Abin ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki, don na san siginal ta tsallake Sahara ta yi tafiyar kilomita fiye da 3000 ta isa, amma ta isa da amo ba da kalmomi ba.

Na kai kukana wurin wani dattijo da ya yi shekaru shina gyaran radiyoyin BLU, irin waɗanda ofisoshi da likitocin daji ke magana da su kafin zuwan salula. Na ce Baba ina ganin ampili mai ƙara ƙarfi zan nema, wat 5 ɗin nan ba su isa. Ya zuba mini shayi ya ce, ɗana, wat 5 ɗin ma da kake rainawa, ka tabbata kana cin moriyarsu duka? Ya ce in koma gida in yi fito cikin mikro in dubi allurar ƙarfi, sannan in yi magana irin ta kullum in sake duba. Na yi. Da fito allura ta hau ta tsaya cak a sama. Da magana kuwa sai wutsil-wutsil take a ƙasa, jefi-jefi ta yi tsalle ta dawo.

A nan dukan zancen yake. SSB, hanyar tura murya da nake aiki da ita, wadda masu Faransanci ke ce ma BLU, ba kamar FM take ba. A FM da ka danna mikro radiyo na fidda ƙarfinshi gaba ɗaya ko kana magana ko ka yi shiru. A SSB kuwa muryarka ce ke haifar da ƙarfin, in ka yi shiru babu abin da ke fita, in ka yi a hankali kaɗan ke fita, in ka yi da ƙarfi da yawa ke fita. Wat 5 ɗin da anka rubuta a takardar radiyo ƙololuwa ce, ana ce mata PEP, wato iyakar abin da radiyon ke iya fiddawa a daidai lokacin da murya ta kai tsininta. Ita kuwa maganar ɗan Adam ba ta zama a tsini, tana taɓa shi ne ƙiftawar ido ta sauko. In ka ɗauki matsakaicin ƙarfin magana wadda ba a yi ma komi ba, sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na ƙololuwar ba, wani lokaci ma ɗaya cikin goma ne. Kenan mai wat 5 a zahiri da wat 1 ko rabin wat yake hira, saura na ajiye ne don jiran tsinin da ke zuwa sau ɗaya a kalma.

Kuma abin da ya fi ciwo, masu cinye tsinin nan ba su ne ke ɗauke da ma'anar magana ba. Wasula, irin su a da o da u, su ne masu ƙarfi, su ke sa allura tsalle, kuma yawancin ƙarfinsu na ƙasa-ƙasa ne, ƙasa da Hz 1000, Hz kuwa shi ne ma'aunin kauri da sirantar sauti. Baƙaƙe kuwa irin su s da sh da ts da t da k da f ƙanana ne marasa ƙarfi, suna can sama wajen Hz 1500 zuwa 3000 har fiye, amma su ne ke raba kalma da kalma. Cire wasula daga saƙon salula mutum zai iya karantawa, cire baƙaƙe ka gani ko zai gane komi. Ga yadda nake kwatanta abin ga yara masu koyo: ka ɗauka akwai rumfa mai gajeren rufi, gabanta akwai katanga, cikin rumfar akwai dogayen mutane da ƙananan yara, wani kuma na waje shina son ya ga kowa. Katangar ita ce shuuu ɗin da ke cikin radiyon mai saurare, rufin shi ne wat 5 ɗinka. Dogaye su ne wasula, ana hango kawunansu. Yara su ne baƙaƙe, katanga ta rufe su. In ka ce bari in aza kowa bisa banci, wato ka ƙara ihu ko ka murɗa MIC GAIN, maɓallin ƙarar mikro, kan dogaye zai bugi rufi tun yaran ba su leƙo ba. Dabarar ita ce ka sa dogayen su duƙa tukuna, sannan ka ɗaga bancin, sai kowa ya leƙo bisa katanga ba wanda ya fasa kai. Wanga shi ne matse sauti, na'urar da ke yin shi kuma ita ce kwampireso, a jikin radiyo za ka gan ta da sunan COMP ko PROC ko CMP.

Bari mu ɗan yi lissafi don kada a yi zaton sihiri ne. Ana auna bambancin ƙarfi da desibel. Ninka ƙarfi sau 2 desibel 3 ne, sau 4 desibel 6 ne, sau 10 desibel 10 ne. A ma'aunin S na radiyon mai saurare, wanda ke nuna ƙarfin siginal ɗin da ta iso, kowane mataki ɗaya desibel 6 ne bisa ƙa'ida. Daga wat 5 zuwa wat 100 ninki 20 ne, desibel 13 kenan, mataki biyu da ɗan ɗoriya kawai, shi ya sa ma QRP, wato kira da ƙaramin ƙarfi irin wat 5, ke aiki tun farko, in mai wat 100 na isa da S9 kai za ka isa da kusan S7. Matsala na tasowa ne in shi ma mai wat 100 da S5 yake isa, kai sai ka faɗa cikin shuuu. To matsewa mai kyau na iya ɗaga matsakaicin ƙarfinka da desibel 3 zuwa 6, ba tare da ƙololuwar ta wuce wat 5 ba. Desibel 6 daidai yake da ka tashi daga wat 5 ka koma wat 20, ba ka sayi ampili ba, ba ka ƙara ɗaukar ƙaton batir ba. Ni a ganina babu wani gyara mai araha da ya kai wanga in ka cire gyaran anten, kuma anten ita ce gaba, kada wani ya ce na ce a bar ta. In anten ɗinka ba ta da kirki kwampireso ba ta da abin da za ta yi maka.

Yadda kwampireso ke aiki kamar a ce wani ne zaune da hannu bisa maɓallin ƙara, amma mai saurin da ba hannun mutum da zai iya, da murya ta yi sama ya rage, da ta yi ƙasa ya sake. Abu huɗu ke tafiyar da ita. Akwai iyakar da take fara aiki, in murya ba ta kai nan ba ba ta taɓa ta. Akwai yawan matsi, misali 4 bisa 1 na nufin in murya ta haura iyakar da desibel 8, desibel 2 kawai za a bari su fita. Akwai saurin kamawa, wanda ya kamata ya zama ƴan kashi ƙalilan cikin dubu na daƙiƙa guda, don in ta yi nawa tsinin ya riga ya wuce kafin ta farga. Sai saurin saki, kuma a nan ne galibi ake samun bambancin kwampireso mai amfani da wadda sunanta kawai. In sakin na da jinkiri sosai, a ce daƙiƙa guda ko fiye, wasali mai ƙarfi zai sa ta rage ƙara, baƙin da ke biye da shi ya zo ya tarar ba a saki ba tukuna, shi ma a danne shi, kenan dogo ya duƙa yaro ma ya duƙa, ba a yi komi ba. Irin wagga tana daidaita maka ƙara ne kawai in ka matsa kusa da mikro ko ka ja baya, abu ne mai kyau amma ba shi muke nema ba. In kuma sakin ya yi sauri fiye da kima, tsakanin kowace gaɓa da gaɓa sai ta buɗe gaba ɗaya ta kwaso duk hayaniyar gida, sauti ya riƙa numfashi fuu fuu. Abin da ake so shi ne ta iya bin gaɓoɓin magana, ta danne wasali ta kuma saki kafin baƙi ya iso.

Akwai hanya ta biyu wadda ta fi wagga tsauri, ita ce aske tsinin murya kai tsaye, duk abin da ya wuce wani layi a datse shi. Da jin haka mutum zai ce ai an lalata magana, amma tun 1948 wasu masana biyu a Jami'ar Harvard ta Amurka, Licklider da Pollack, sunka gwada aske magana har iyakar askewa, har ba abin da ya rage sai hawa da sauka tsakanin matakai biyu, sunka tarar mutane na gane yawancin kalmomin, musamman in an ɗaga siraran sautuka kafin a yi askin. Muryar ba daɗi amma ana ganewa. Illar askin ita ce shina haifar da sautukan da babu su a bakinka. In ka aske sautin Hz 500 zai haifi 1500 da 2500, su kuwa cikin faɗin maganarka suke zaune, daidai inda baƙaƙe suke, ba matatar da za ta fidda su ba ta fidda magana ba. Shi ya sa masu ƙera radiyo sunka koma yin askin bayan an maida murya SSB, a ce a MHz 9. A can in anka aske, ƴaƴan da za a haifa suna wajen MHz 27 ne da sama, nesa ƙwarai, matata ta biyu ta share su cikin sauƙi, abin da ya rage na datti kaɗan ne. Wagga hanya ta fi ba da riba, kuma radiyoyin zamani da ke aiki da lissafin kwamfuta a ciki suna kwaikwayonta ba tare da ƙarin matatar kiristal ba. A 2014 wani injiniya David Hershberger, mai alamar W9GR, ya fidda wata dabara a mujallar QEX mai suna CESSB. Abin da ya lura da shi, ko ka aske murya da kyau, in ta ratsa matata ta zama SSB sai sabon tsini ya sake tsirowa, dole ka rage ƙara don ka ba shi wuri. Dabararshi na hana tsiron nan, sai a samu ƙarin kusan desibel 2 da rabi, FlexRadio na cikin waɗanda sunka fara sa ta a radiyoyinsu.

Wani zai ce ai radiyona na da ALC, wadda ke rage ƙarfi da kanta in ya yi yawa, ba sai in murɗa mikro sama in bar ALC ta matse ba? Wallahi kada ka yi. ALC birki ce, an sa ta ne ta kare tiranzistocin ƙarshe in tsini ya kuɓuce, kuma sai abin ya riga ya faru take ji. In ka maida ta kwampireso, farkon kowace kalma na wucewa da ƙarfin da ya fi ƙarfin radiyon, siginal ta fantsama hagu da dama ta shiga hirar mutanen da ke kHz 5 ko 10 nesa da kai. Ka ɓata ma wasu, kai kuma ƙarfin da ya fantsama asara ne, cikin wat 5 ɗinka aka cire shi kuma ba ya zuwa kunnen wanda kake kira. Abin da na yi ranar ɗan Italiyan nan kenan da nake ihu. Allura na ta tsalle ina jin daɗi, alhali ba girin-girin ba, ta yi mai.

Kafin ma a zo ga matsewa akwai aikin da ya riga ta, shi ne rage gangar murya. Faɗin SSB na magana kusan Hz 300 zuwa 2700 ne. Duk abin da ke ƙasa da 300 kauri ne kawai, daɗin ji a radiyon FM na gari, amma a wat 5 cin ƙarfi yake ba ya ƙara fahimta ko kaɗan, kuma in ka bar shi ya shiga kwampireso shi ne zai riƙa sa ta danne komi. Mu maza masu kaurin murya abin ya fi shafa. Wani na iya tsoron cewa Hausa harshe ne mai karin sauti, in an yanke ƙasa za a rasa hawa da saukar murya da ke raba kalmomi. Ba a rasawa, kunne na gane karin ne daga sautukan sama da ke tafiya tare da shi, shi ya sa a talho ma, wanda ke yanke ƙasa da 300, ba mu kasa gane juna. A mikron MH-31 da ke zuwa da FT-817 akwai ɗan maɓalli a baya mai lamba 1 da 2, lamba 2 na rage gangar, ni na yi wata da watanni ban ma san amfaninshi ba. Masu IC-705 suna da zaɓin faɗi uku, 100 zuwa 2900, 300 zuwa 2700, da 500 zuwa 2500, na tsakiya ya ishe ka kullum, na ƙarshe kuma don ranar wahala. Masu KX2 da KX3 na Elecraft suna da madaidaicin sauti mai layi 8, ka sauke na ƙasa biyu ko uku, ka ɗan ɗaga na 1600 da 2400. Sannan riƙon mikro, kamar yatsa biyu ko uku daga baki, a ɗan karkace gefe don iskar f da b kada ta buge shi, kuma ka yi magana irin wadda kake yi a fada da abokai, ba irin ta mai shela ba.

FT-817 ba ta da kwampireso a ciki, ƙanwarta FT-818 ma haka, don haka sai na sa anka kawo mini ɗan allo mai ɗauke da SSM2167 na Analog Devices, ƙaramin abu ne bai kai akwatin ashana ba. Rezistans ɗaya ke zaɓar yawan matsi daga 1 bisa 1 har 10 bisa 1, wata kuma ke zaɓar inda ƙofar shiru za ta rufe, wato in sauti ya yi ƙasa da wani mataki ta ɗauka hayaniya ce ta toshe shi. Na samo ɗan akwatin ƙarfe a kasuwar Katako na sa shi ciki, na rage ƙarfin fitarshi da ƴar potansiyo don abin da yake fiddawa ya fi ƙarfin ƙofar mikro nesa ba kusa ba. Da zumuɗi na kai matsin ƙarshe, 10 bisa 1. Allura ta hau ta zauna a sama ba ta saukowa, na ce alhamdu lillahi an gama. Sai na sa ɗan ƙanwata ya shiga ɗakin baya da wani ƙaramin radiyo mai kama SSB da takarda da biro, na ce duk kalmar da ya ji ya rubuta. Na jero mishi kalmomi masu kama da juna ina cakuɗa su, kara da ƙara, baki da baƙi, bari da ɓari, dawa da tsawa, sara da shara, hanya da anya. Can sai ga shi ya fito da takardar a hannu ya ce, kawu ni fa vantilater na fi ji, da gurup ɗin maƙwabta, har akuyar nan na ji tana kuka, kai kuma kamar kana magana cikin tulu. Na karɓi takardar na duba, inda na ce baƙi ya rubuta baki, inda na ce ƙara ya rubuta kara.

Na zauna na yi ta tunanin mi ya cinye ƙ ɗin. Abin da na lura, in ka furta ƙ akwai ɗan fashewa, sai ɗan shiru ƙanƙane kafin wasali ya biyo, shirun nan na cikin abin da kunne ke gane ta da shi. Matsi mai yawa ba ya barin shiru, da ya ga gurbi sai ya cika shi da ƙarar vantilater. Garin neman gira an rasa ido. Da na je gyarawa kuma na tsananta ƙofar shiru don in kashe vantilater, sai ta koma cin farkon kalmomi, hanya ta zama anya, don h ba ta da ƙarfin tura ƙofar ta buɗe da wuri. Sai da na sauko da matsin wajen 3 bisa 1, na sassauta ƙofar, na kashe vantilater na juya ma gurup baya, sannan yaron ya kawo takarda kalmomi duka daidai. Kwampireso ba ta san muryarka ba, duk ƙaramin sauti ɗagawa take, naka da na akuya. A gidajenmu da ake zaune a tsakar gida, ga yara ga dabbobi ga kabu-kabu na wucewa ga gurup in kuran ya tafi, matsin da Bature zai yi a rufaffen ɗakinshi mu ba za mu iya shi ba, sai mu rama da matso da mikro kusa da rage MIC GAIN, don murya ta rinjayi gida tun kafin ta shiga na'ura.

Wata matsalar da ta biyo baya, da na maida anten sai murya ta fara karkarwa tana gurnani, alhali da lodin gwaji, wato rezistans ɗin da nake sawa a madadin anten in ina gwaji, lafiya lau take. Siginal ɗina ce ke dawowa ta wayar mikro, kwampireso kuma ta ɗauke ta a matsayin ƙaramin sauti ta ɗaga. Anten mai ciyarwa daga ƙarshe wadda ke kusa da inda kake zaune ta fi kawo wanga. Na naɗa wayar mikro sau biyar a zoben ferit, na naɗa kowaksiyal ma a wani, na sa ƙaramin kondansater na nanofarad 1 a mashigar allon, gurnani ya ɗauke.

Shi lodin gwajin ba sai ka saya ba, rezistans 20 masu om 1000 ka haɗa su kafaɗa da kafaɗa su ba ka om 50, in kowace mai wat 1 ce sun fi ƙarfin QRP. Da shi za ka yi duk gwajinka ba ka dami kowa a iska ba. Tsarin da nake bi yanzu, in kashe matsi tukuna, in daidaita MIC GAIN har ALC na motsi kaɗan a kan manyan wasula kawai, in rage ganga, sannan in kunna matsi daga ƙasa ina hawa sannu-sannu ina sake duba ALC kowane mataki. Wanda ke saurare kuma ya rage siginal har ta kusa nutsewa cikin shuuu, don a nan ne ake gane amfanin abin, in siginal na da ƙarfi kowace murya mai kyau ce, wadda ba a matse ba ma ta fi daɗi. Kuma kada lambar da ke kan allon radiyo ta ruɗe ka, littafin Icom na cewa a bar ma'aunin COMP tsakanin desibel 10 da 20, wannan yawan dannewar da ake ma tsini ne, ba shi ne ribar da ke isa can ba, ribar ba ta kai haka. In rezo na da kyau akwai radiyoyin saurare a intanet, irin na Jami'ar Twente a Holan, ka buɗe a salula ka sa shi ɗaukar sauti, ka yi kira wajen 14.285 inda masu QRP ke taruwa a mita 20, ka ji kanka yadda ɗan Turai ke jin ka, sau ɗaya da matsi sau ɗaya babu. Ba sai na faɗa ba, duk wanga sai da takardar izini a hannu, ARCEP ce ke kula da mitoci a ƙasar nan, kuma a yanayin da muke ciki ba wanda ya kamata ya ɗaga anten ba takarda.

Masu ƴan tokiwoki na FM irin Baofeng, ku wanga lissafin bai shafe ku kai tsaye ba, ƙarfinku ɗaya ne ko da magana ko babu, matsi zai iya cika muku murya ne kawai. In kuma za ka shiga FT8 ko wani salon kwamfuta, kashe kwampireso gaba ɗaya, ɓata siginal take.

Ribar nan kuma ba kyauta ba ce ɗungum. Matsakaicin ƙarfi in ya ninka, abin da ake ja daga batir ya ƙaru, zafin tiranzistoci ma ya ƙaru. FT-817 na jan kusan ampiya 2 in tana fidda wat 5 cikakku, da can jefi-jefi take kai nan, da matsi kuwa tana daɗewa a kusa da nan. A watan Afrilu da Mayu da zafin Yamai ke haura digiri 40 a inuwa, in na yi doguwar hira bayan radiyon har ba ya taɓuwa, dole in taƙaita zance ko in sauka wat 2 da rabi, kuma abin mamaki wat 2 da rabi da matsi na isa inda wat 5 ba matsi ke isa. Na sa ma akwatin ɗan maɓalli a gefe. In abokin hira ya ba ni 57 ko 59, wato shina ji na sarai da ƙarfi, sai in kashe, ya ji muryata yadda Allah ya yi ta, batir ma ya huta. In damina ta shigo, walƙiyar hadarin da ke can wajen Dosso ko Tawa na ta fasa ƙara a mita 40 da dare, ko in ji mutum ya ce ya kama 5U saura ya ɓace, sai in tura maɓallin, in kashe vantilater, in ce ma yara su ɗan yi shiru, in faɗi alamata a hankali harafi bayan harafi sau biyu.